Haƙoran tsofaffinmu: tsufa ke zubar da su, ko ciwo ne ba mu kula ba?

Majo Isufu (Tawa): Assalamu alaikum jama'a. Ina da maganar da nake so mu tattauna, kuma ina roƙon masu ilimin abin su sa baki. A Adar mun ɗauka cewa in mutum ya haura sittin, zubewar haƙora tilas ce kamar furfura. Ni ban yarda ba. A aikin likita na sha ganin tsoho ya rame, ɗiyansa su ce tsufa ne. A yi awon jini, ba a ga kome ba. Sai ka ce ya buɗe baki, ka tarar turame sun tafi, sauran na girgiɗa, dasashi na jini. Nama ya gagare shi, gujiya ta gagare shi, cuku kuwa ya manta rabonsa da shi. Ya koma kunu da fura da shayi, kuma ba zai faɗa ba saboda kunya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ke da ciwon baki ko na haƙori, kuma cikin waɗanda suka kai shekara 60, kashi 23 cikin 100 ba su da haƙori ko ɗaya. To in tsufa ne kaɗai, mi ya sa sauran ba su rasa nasu duka ba?

Alhaji Mamman: Wa alaikumus salam Majo. Ni zan ja da kai kaɗan. Mahaifina ya rasu da haƙoransa cif, bai taɓa riƙa buroshi ba, aswaki da goro kawai ya sani. Yanzu kowane gida akwai buroshi da man goge baki, amma ɗiyanmu ƴan shekara talatin ke kwana da ciwon haure. Ashe ba kayan zamanin ne suka kawo muna shi ba?

Lokotoro Hadiza (Yamai): Baba Alhaji, barkanku da warhaka. Abin da kuka gani gaskiya ne, amma ba buroshi ya kawo shi ba, sukari ne. Ku tuna abin da mahaifinku ke ci: tuwon hatsi, fura da nono, wake. Ku dubi na yau: shayi mai kauri zagaye uku, safe da rana da dare, ga lemun kwalba, ga alewa da biskit a hannun jikoki. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukarin nan su fitar da tsami, tsamin ne ke narka haƙori har rami ya buɗe. Kuma yawan kurɓa ya fi yawan sukarin ɓarna, don kowace kurɓa tana sake tsamama baki kafin yawu ya gama gyara ta baya. Wanda ya wuni a fada kofi na zagayawa, haƙorinsa bai huta ba ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya ƙasa da kusan giram 50 na sukari a rana, wajen ƙaramin cokali 12, in ya iya rabin haka ya fi.

Amma ga tsofaffi akwai ciwo na biyu, shi ne Majo ke nufi, kuma shi ya fi zubar da haƙori lafiyayye. Dauɗa mai yauƙi tana taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi. In ba a goge ta ba sai ta daskare ta yi tauri, aswaki ko buroshi ba ya iya fidda ta kuma. Dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, daga nan ciwon ya nutsa ya fara cin ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwar haƙori. Shekaru yake yi ba tare da zafi ba. Ranar da mutum ya ji haƙori na motsi, ƙashi mai yawa ya riga ya tafi. Sai haƙorin ya fita fari tas, ba rami ba tabo, a ce lokacinsa ne ya yi. Kusan mutum biliyan ɗaya ke da mai tsananin wannan ciwo a duniya.

Alhaji Mamman: To ɗiyata, na ji batun shayi. Amma aswaki fa? Kar ki ce mini in bar sunna.

Malam Sani: Allah ya kiyaye, Alhaji. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya ce ba don gudun tsananta wa al'ummarsa ba da ya umurce su da aswaki a kowace salla, Buhari da Muslim sun ruwaito. Ko a watan azumi malamanmu na Malikiyya sun halatta shi wuni duka, ɗanyen icce ne kawai suka karhanta. Matsalar da nake gani ita ce mun mai da shi abin riƙewa a gefen baki ana hira. A tauna, a tofar, a goge na gaba huɗu, shi ke nan.

Lokotoro Hadiza (Yamai): Malam ya gama magana. Ba wanda zai hana ku aswaki, Baba. Wanda ya iya shi, ya bi haƙori ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, yana yanke kan da ya tsufa, yana fidda dauɗa ƙwarai, ko na dogon yaro ne. Inda yake gazawa biyu ne: bayan turame na can ƙurya da wuya ya kai, kuma ba ya ba haƙori fulorayid ɗin da ke cikin man goge baki, wanda ke ƙarfafa shi. Ga tsoho wannan babban abu ne, don dasashi ya ja baya, saiwa ta fito fili, ita kuma ba ta da taurin saman haƙori, nan da nan take ruɓewa. Shawarata: aswaki wajen alwala yadda kuka saba, buroshi mai taushi da man da aka rubuta fulorayid 1000 zuwa 1500 ppm a jikinsa da safe da kuma kafin barci. Bayan gogewa a tofar kawai, kar a kurkure da ruwa nan take.

Ibro na Illela: Lokotoro, fulorayid ɗin nan ba shi ne ya lanƙwasa ƙafafun yara a Tibirin Gobir ba? Ni tun da na ji labarin nake tsoronsa.

Lokotoro Hadiza (Yamai): Shi ne, ƙanena, kuma tsoronka na da dalili. A Tibiri ruwan fanfon da ake sha kullum ne ya ƙunshi fulorayid fiye da miligiram 1.5 a lita da aka ƙayyade, yara suka sha shi shekara da shekaru suna girma. Na man goge baki ana shafawa ne a tofar. Ƙananan yara kawai za a sa wa ido, a ɗiga musu kaɗan, kar su haɗiye.

Haruna (Abijan): Wallahi maganar nan ta taɓa ni. Mu da muke wajen biɗa, duk wata muna aika kuɗin hatsi, kuɗin maganin tansiyo, da salla a aika na rago. Ban taɓa jin ɗayanmu ya tambayi tsohuwarsa ko tana iya tauna naman ba. Sai an kira ka an ce kunci ya kumbura. Tambayata: in haƙorin tsohuwa na girgiɗa, ba gara a kai ta wurin wanzami ya fidda shi a huta ba? Kuɗin mota zuwa Tawa kaɗai ya fi kuɗin wanzami.

Majo Isufu (Tawa): Haruna, don Allah kar a yi. Wanzamai mutanenmu ne, ba na ƙasƙantar da sana'arsu, amma ƙarfen da ya shiga bakin wani ya shiga naka ba tare da an dafa shi yadda ya kamata ba yana ɗaukar ciwon hanta. Sau da yawa kuma kan haƙorin ne ke karyewa, saiwa ta zauna ciki ta yi mugunya. Ga tsohuwa mai tansiyo ko ciwon sukari, jini na iya ƙin tsayawa, miki na iya ƙin warkewa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganin tebur. Mutum na ciwon haƙori ya sayi ibuprofen ko diclofenac wurin mai talla, ya yi ta sha, zafi ya lafa, mugunya na ci gaba a ɓoye. In kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta yi wuya, ga zazzaɓi, wannan ba ya jiran gobe. A ɗauke shi a daren zuwa babbar likita, don yana iya toshe numfashi. Masu ɗora ƙwayar aspirin a kan dasashi su ma su bari, ƙona naman take yi. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci, amma ramin na nan.

Gwaggo Ta-Allah: Mu dai tun muna yara aka ce muna tsutsa ce ke cin haƙori, har mai turare ya zo kasuwa yana fiddo ta cikin ruwa. Kuma an ce in aka cire haƙorin sama ido na raguwa. Ni wannan ya hana ni zuwa.

Lokotoro Hadiza (Yamai): Gwaggo, babu tsutsa a haƙori, mun buɗe dubbai muna gani. Cire haƙorin sama kuma ba ya rage gani, jijiyar ido daban take. Mugunyar da aka bari a haƙorin sama ce ma ke iya hawa ta kumbura gefen ido. Akwai magana ta uku da nake ji kullum a wurin aiki: wai wankin haƙori a likita yana sassauta su, yana buɗe giɓi. Abin da ke faruwa shi ne daskararriyar dauɗar nan ta cike wurin da ƙashi ya riga ya zaizaye. Da aka kankare ta sai giɓin da ke ɓoye ya bayyana. In aka bar ta, ƙashin ne zai ci gaba da tafiya. Ku zo, Gwaggo, ku riƙo duk magungunan da kuke sha a leda mu gani, kuma kar ku daina ko ɗaya da kanku kafin zuwa.

Zainabu (ɗalibar likita, Jami'ar Abdu Mumuni): Yaya Hadiza, batun magungunan nan nake so ki faɗaɗa. An koya muna cewa wasu na tansiyo, da masu sa fitsari, da na kwantar da hankali suna busar da baki, kuma magungunan tansiyo irin amlodipine da nifedipine na iya sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori. Tsofaffi nawa ke shan su a gidajenmu ba a taɓa duba bakinsu ba? Sannan na karanta nazarin 2022 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, wanda ya tattara gwaje-gwaje a kan masu ciwon sukari: waɗanda aka yi wa maganin dasashi, awon sukarinsu na wata uku ya sauka da wajen maki 0.4 cikin wata uku zuwa huɗu. Ba ya maye gurbin magani, amma ba abin rainawa ba ne. Hanyar biyu ce, sukarin da ya hau yana tsananta ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma yana hana sukari sauka.

Lokotoro Hadiza (Yamai): Daidai, Zainabu. Yawu shi ne mai gadin baki, yana wanke tsami, yana mayar wa haƙori abin da ya rasa. Tsohon da bakinsa ya bushe, a zafin Tawa, sai ka ga yana tsotsar alewa ko yana ƙara shayi don ya jiƙa maƙogwaro, nan ne saiwoyi ke ruɓewa a jere. Ruwa za a ajiye masa kusa ya riƙa kurɓa. In bushewar ta yi yawa a gaya wa lokotoron da ya rubuta maganin, sau da yawa akwai wani da zai iya canzawa.

Maman Nafisa: Salamu alaikum. Ni surukata nake jinya, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya riƙe aswaki. Ina mata wanka, ina juya ta, amma baki ina jin tsoron taɓawa kar ta ƙware. Yana wari, kuma tana yawan tari in ta sha kunu. Mi zan yi?

Majo Isufu (Tawa): Allah ya saka miki da alheri, ɗiyata, ya ba Inna sauƙi. Tarin nan ki gaya wa wanda ke duba ta, don alama ce haɗiya ta yi rauni. Kar ki ba ta kome tana kwance. Ki tada ta zaune, ki jingina ta, kai ya ɗan sunkuyo gaba, kunun ya zama mai kauri, kuma ta zauna kamar rabin awa bayan ta gama. Wajen gogewa ma haka, a zaune. Ki sami ƙaramin buroshi irin na yara, man ya zama ɗan ɗigo, ki tsaya ta gefenta ki bi a hankali. Ki naɗe ƙyalle mai tsabta a yatsa, ki jiƙa ki matse, ki share harshe da cikin kunci, musamman ɓangaren da ya shanye, can abinci ke maƙalewa ba ta ji. Kar ki ce ta kurkure.

Lokotoro Hadiza (Yamai): Maman Nafisa, abin da Majo ya koya miki an gwada shi. A Japan wani likitan haƙori mai suna Yoneyama da abokan aikinsa sun bi tsofaffi sama da 400 a gidajen kula da tsofaffi 11 har shekara biyu, aka buga cikakken sakamakon a 2002. An raba su gida biyu. Wasu ana goge musu baki bayan kowane cin abinci, ma'aikacin haƙori na duba su duk mako, wasu aka bar su yadda suka saba. Ciwon huhu ya kama kashi 19 cikin 100 na waɗanda aka bari, kashi 11 na waɗanda ake goge wa, kuma mutuwa da shi ta ragu. Dalili shi ne tsoho mai raunin haɗiya yana zuƙar yawunsa zuwa huhu ba tare da ya sani ba, musamman cikin barci. In bakin cike yake da ƙwayoyin cuta, su ne ke sauka. Don haka aikin minti biyu da za ki yi mata kafin ta kwanta yana kare ƙirjinta. Masu haƙoran roba su ma su ji: a cire su da dare, a wanke, a ajiye cikin ruwa. Wani bincike na 2015, a Japan ɗin dai, a kan ƴan shekara 85 zuwa sama, ya nuna masu kwana da su sun fi kamuwa da ciwon huhu fiye da ninki biyu.

Ibro na Illela: Ina girmama ku, amma Japan ina, Illela ina? Su suna da likitan haƙori a kowane lungu. Mu namu ƙalilan ne, yawancinsu kuma suna Yamai. Manomin da ke jiran kuɗin albasa kafin ya sayi takalmi, shi za a ce ya je wankin haƙori? An rage kuɗin likitocin gwamnati a Satumbar 2024, mun gode, amma tafiyar da kwanan da abincin hanya suna nan.

Lokotoro Hadiza (Yamai): Ba zan musa maka ba, Ibro, ƙarancin na nan kuma yana mini ciwo. Amma Japan ma ba a haka ta fara ba. A 1989 suka ƙaddamar da shirin 8020, wato a kai shekara 80 da haƙori 20, don da ashirin mutum na iya tauna kusan kowane abinci. Lokacin ko ɗaya cikin goma bai kai ba. A ƙidayar 2016 sun wuce rabi. Tsufansu bai canza ba, kulawa ce ta canza. Akwai kuma dabarun da aka yi don irin ƙasashenmu. A Tanzaniya, tsakiyar shekarun 1980, aka fara hanyar cike rami da kayan hannu kawai, ba inji ba lantarki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa simintin da ake cikewa da shi, da man goge baki mai fulorayid, da wani ruwan azurfa da ake ɗigawa ya tsayar da ruɓa, cikin jerin magungunan tilas. Ruwan azurfar yana baƙanta wurin, amma ga saiwar turmin tsoho wa zai damu? Ma'aikacin likitar karkara da aka horar zai iya wannan. Abin da nake so mu nema ke nan, ba kujerar haƙori a kowane ƙauye ba.

Alhaji Mamman: To goro fa, ɗiyata? Shi ma laifi gare shi?

Lokotoro Hadiza (Yamai): Goro yana rina haƙori, Baba, kuma yana hana barci da tada bugun zuciya ga mai tansiyo in ya yawaita, amma ba shi ke tsorata ni ba. Taba ce, musamman garin da ake haɗawa da kanwa a ajiye a leɓe ko kunci. Tana cin dasashi a wurin da ake ajiye ta, kuma taba na cikin manyan masu kawo sankarar baki. Duk wanda ya ga miki, ko farin tabo, ko ja, ko ƙullutu a harshe ko kunci ya wuce sati biyu bai warke ba, ko ba ya zafi, ya je a duba. Haka in haƙoran roba ko karyayyen haƙori na gogar wuri guda kullum.

Zainabu (ɗalibar likita, Jami'ar Abdu Mumuni): Maganar Yaya Ibro ta tsaya mini. Abincinmu da shayinmu da tabarmu daban suke da na Japan, ya kamata mu auna namu da kanmu. Ina tunanin in yi aikin ƙarshen karatuna a kan wannan, a garin Tawa: tsofaffi masu shekara 60 zuwa sama, a ƙirga haƙoran da suka rage, a auna nauyi, a tambayi abin da suka daina ci. Baba Majo, kuna ganin za su yarda su buɗe baki ga yarinya kamata?

Majo Isufu (Tawa): Za su yarda in kin shigo ta ƙofa. Ki fara da izinin jami'a da na hukumar lafiya ta jiha, sannan mai unguwa da liman. Maza bayan la'asar, mata a cikin gida da hantsi. Kuma duk wanda kika tarar da ciwo, ki tanadi inda za ki tura shi, kar ki ƙirga kawai ki tafi. Ni zan raka ki wurin masu unguwa.

Lokotoro Hadiza (Yamai): Ki ƙara abu biyu, Zainabu. Bayan adadin haƙori, ki rubuta turame nawa ke haɗuwa sama da ƙasa, don mai haƙori goma sha biyar da ba su fuskantar juna ba ya iya tauna. Ki kuma rubuta sunan kowane maganin da suke sha. Ki turo mini takardar tambayoyin kafin ki kai wa malaminki, akwai tambayar taba da tsofaffin mata ba za su amsa ba in akwai namiji a wurin, sai mun gyara yadda za a yi ta.